Ƙishirwar Yagana

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Nguru, lokacin da sai mutum ya ɗaga hannu sama yake samun sabis, Nasrullahi yana da shagon ƙanƙara a bakin tasha. Nan ya fara ganin Yagana. Daga Gashua ta zo gidan gwaggonta, ta tsaya tana shan fiya wata ɗaya bayan ɗaya.

"Malama, a rage wa sauran matafiya mana," in ji shi.

Ta ja mayafi tana dariya. "Kai da za ka gode wa Allah ka samu ciniki."

Washegari ta dawo, jibi ma haka. Bawan Allah ya ɗauka farin jininsa ne yake jawo ta, har ya fara fesa turare kafin ya buɗe shago. Ashe ƙishirwa ce. Kafin ya gane, so ya riga ya kama su duka biyun.

Da ta koma gida, kullum suna kan saƙo.

"Kurciyata, tasha ta yi mini shiru tun da kika tafi."

"Mai ƙanƙarata, ni ma ruwan Gashua ya daina kashe mini ƙishi."

Sai Yagana ta fara rama. A asibiti aka ce suga ne, aka ɗora ta a kan ƙwayoyi, amma ramar sai gaba take yi. Mudi, wani dillalin barkono da ta taɓa ƙi, ya shiga yawo da ita a majalisa, wai ƙanjamau ce. Maganar ta kai kunnen Hajiya Maiturare, mahaifiyar Nasrullahi.

"An gwada ta, Hajiya, ba ta da ita," in ji Nasrullahi.

"To me ya hana magani kama ta? Suga ciwonmu ne na manya masu jiki. Ga ni nan ina shan ƙwayata lafiya lau. Ka fita hanyarta."

Ran nan saƙon Yagana ya shigo: "Ka bi maganar Hajiya. Na yafe maka."

Ya yi kuka sosai kafin ya rubuta: "Ajiye yafiyarki, ba inda zan je."

Wani sabon likita a Gashua ya mayar da ita kan allurar insulin. Ya ce yana zargin sojojin jikinta ne suka juya wa sashen da ke sarrafa suga, kuma akwai gwajin jini da zai nuna haka. Matsalar ɗaya ce: sai jinin ya isa Kano da sanyinsa, daga can a tura shi gaba. Nasrullahi ya zuba ƙanƙara a kula, ya saka jinin a ciki, ya rungume ta a cinya a bayan fijo, yana faɗa da direba a kowane rami.

Da sakamako ya dawo, ya lallaɓi Hajiya ta bi shi Gashua, wai a duba nata sugan. Likita ya ce mata, "Hajiya, suna ɗaya ne, ciwo biyu. Naki ƙwaya tana yi masa, nata sai allura har ƙarshen rai."

"Ana ɗauka?"

"Ko kaɗan."

"Za ta haihu?"

"Da kulawa, in Allah ya so."

Hajiya ta dubi Yagana, wadda kumatunta suka fara dawowa. Kunya ce ta rufe ta.

Bayan damina aka ɗaura aure. Ranar buɗar kai, mata suka yi wa amarya caa da nakiya da alkaki, kowa tana cewa sai ta ɗanɗana nata. Yagana ta rasa yadda za ta ƙi dangin miji. Sai ga Hajiya ta ratso taron, ta janye farantan.

"Duk mai son ba ta zaƙi, ta yi mata addu'a. Ciwonmu ɗaya, ni na san abin da 'yata za ta ci." Ta dafa kan amarya. "Ki yafe mini, Yagana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku."

Nasrullahi yana zaure, amma "amin" ɗinsa har cikin gida aka ji ta.