Talatin da Biyu a Kowace Taya

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Juma'a aka buga wa Sufeto Kamil waya. Mota ta daki katanga a wani filin tsere da ke bayan gari, kudu da Riyad, direban ya cika tun kafin a zaro shi.

Kamil ɗan ƙasar Saudiyya ne, amma kakansa daga Katsina ya zo aikin hajji ya zauna, don haka duk maganar da ta shafi Bahaushe kansa take faɗowa. Bai so wannan aikin ba. A ganinsa, wanda zai shiga mota ya yi ta kewaya wuri ɗaya da gudun kilomita ɗari biyu don a tafa masa, ya raina ran da Allah ya ba shi amana. Amma rai ya salwanta, dole a san dalili.

Filin kwalta ne mai siffar ƙwai, na wani attajiri. Motocin irin na gida ne, an cire kujeru an ɗaure cikinsu da ƙarafa. Wadda ta yi hatsarin tana jingine da katangar kwana ta biyu, gabanta ya shige ciki. Tayar dama ta gaba ta yage gaba ɗaya.

Sunan mamacin Bachir Buraima, ɗan shekara ashirin da shida. Iyayensa mutanen Maraɗi ne, shi kuwa a Riyad aka haife shi.

Wani dattijon bakanike yana tsugune gefen motar, hularsa a hannu.

"Kai ne Lado?"

"Ni ne, yallaɓai. Ni ke haɗa masa mota."

"Me ya faru?"

"Zagaye biyar ya yi. Tun a na biyu ya ce min ta rediyo motar ba ta jin sitiyari, yana juya ta hagu tana neman katanga. Na ce ya daure taya ta ɗauki zafi. A na shida tayar ta fashe."

Kamil ya shafa tayar baya. Sumul take, babu zane ko ɗaya.

"Da wannan gogaggiyar taya kuke tura ɗan mutane?"

"Haka ake yin ta, yallaɓai. Robar ce mai laushi, in ta yi zafi sai ta manne wa kwalta kamar ƙaro. Sirrin yana ga iska. Motar nan hagu kaɗai take juyawa, nauyi duk a dama yake sauka. Don haka ta dama ta gaba arba'in da biyar muke ba ta, ta baya arba'in, na hagu kuwa sha takwas da ashirin. In ka saɓa wannan, motar ta daina kama ƙasa."

"Ka auna kafin ya fita?"

Lado ya kalli hularsa. "Na auna."

"To, auna min yanzu."

Lado ya ɗora ma'auni kan tayar dama ta baya. Talatin da biyu. Ya koma ta hagu. Talatin da biyu. Ya zagaya gaba. Talatin da biyu.

"Wannan ba aikina ba ne," in ji shi.

"Kai ka ce ka auna. In ka auna ka bar shi ya fita a haka, kai ka kashe shi."

A ranar aka tafi da Lado ofis. Gawar Bachir kuma aka kai ta ɗakin sanyi na asibiti, domin ba a sakin gawa sai mai bincike ya rufe rahotonsa.

Da safiyar Asabar Kamil ya sake duba motar a harabar ofis. Kusa da bakin da ake ɗura iska, a kowace taya, akwai ɗigo uku na farin alli. Har a yagaggiyar tayar ya same su.

Ya sa aka fito da Lado. Mutumin ya zube a kwana ɗaya. Shekara goma sha tara yana Saudiyya, 'ya'yansa biyar a Kano. Ya san abin da ke jiransa: kurkuku, daga nan a soke iƙamarsa, wato takardar zamansa, a sa shi a jirgi.

"Alamarka ce wannan?"

"A'a. Ni da jan fenti nake rubutu, kuma lamba nake rubutawa."

"Lado, ƙarya ba ta taimake ka jiya ba. Ka auna ko ba ka auna ba?"



"Da safe na auna, na rubuta a takarda. Muka tafi masallacin Juma'a, muka dawo aka zauna cin shinkafa a rumfa. Da aka tashi mai motar yana ta yalla, yalla, a yi sauri baƙinsa sun iso. Ban sake ɗora ma'auni ba. Shekara shida ban taɓa tsallakewa ba, sai jiya."

"Wa ya rage a gareji lokacin cin abincin?"

"Babu kowa."

"Wa bai zauna a rumfar ba?"

Lado ya yi tunani. "Kowa ya zauna. Sai dai mahaifin Bachir. Jiya ce ranar farko da ya yarda ya zo kallo. Ya ce cikinsa ba daɗi, zai ɗan taka."

Kamil ya mayar da shi ciki. Sakaci laifi ne, amma ba sakaci ne ya sauya iskar taya huɗu ba.

Gidan Malam Buraima yana wani lungu a Aziziya, bayan kasuwar kayan gwari. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutanen Maraɗi da na Damagaram suna zaune ana karɓar gaisuwa ba tare da an yi jana'iza ba. Tsohon yana tsakiya, siriri, yatsunsa baƙi ƙirin da aikin roba. Shekara talatin da ɗaya yana banshar, wato shagon gyaran taya.

"Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa."

"Amin. Yaushe za ku ba ni ɗana? Kwana ɗaya ke nan yana cikin ƙanƙara kamar kifi."

"Da zarar na san abin da ya faru. An ce ba ka zauna cin abinci ba jiya."

"Ban zauna ba."

"Ka shiga gareji?"

"Me zan yi a ciki? Ni na tsani motar nan tun ban gan ta ba. Inuwa na samu na zauna ina lazimi."

"An tsare Lado. In ba a sami wani ba, shi zai ɗauka."

Tsohon ya ja carbinsa. "Allah ya fi mu sanin gaskiya."

Kamil ya nemi izinin yi wa mahaifiyar gaisuwa. Delou ta amsa daga bayan labule, muryarta ta dushe.

"Shekara uku shi da ubansa ba sa magana sosai saboda tseren nan," in ji ta. "Ni na roƙi Malam ya je ko sau ɗaya. Bachir ya yi murna kamar yaro. Hausarsa ba ta da yawa, da Larabci yake ta ce min, yau Baba zai ga aikina. Ba ƙinsa Malam yake ba, tsoro ne. Ko masallaci yaron nan zai je da mota, sai ya tsayar da shi ya duba masa taya."

Da zai fita, Kamil ya tsaya wajen wata tsohuwar farar mota da ke ajiye a bakin lungu. Aka ce ta Bachir ce. Ya durƙusa. Ɗigo uku na farin alli a kowace taya.

Ya daɗe a durƙushe. Ya sha kama ɓarayi da masu kisa, bai taɓa jin nauyin tashi tsaye irin na ranar ba.

Bai koma cikin mutane ya kunyata tsohon ba. Ya aika masa cewa su haɗu a shago da hantsin Lahadi.

Shagon ɗan ƙarami ne, tsofaffin tayoyi jibge har rufi. Malam Buraima ya riga shi zuwa, yana zaune kan benci bai buɗe injin iska ba. Daga aljihun gaban rigarsa kan ma'auni ya leƙo, inda wasu ke saƙala biro.

Kamil ya ajiye hotuna biyu a kan bencin.

"Wannan tayar motar gida ce. Wannan ta motar tsere. Baba, alamar wa ce?"

Tsohon bai taɓa hotunan ba.

"Ɗigo ɗaya na duba ƙusa," in ji shi a hankali. "Na biyu na auna. Na uku na yi bisimilla na sallami mota. Wanda ya koya min aiki a Maraɗi haka yake yi."

"Faɗa min abin da ya faru."

"Na shiga ne in ga abin da ya raba ni da ɗana. Na tarar da taya a goge, ko zane babu. Raina ya ɓaci. Na ce bari in auna. Wannan sha takwas, waccan arba'in da biyar. Na ce waɗannan mutane ba su san darajar ɗan talaka ba, ko daidaita iska sun kasa. Tiyo yana nan a rataye. Na rage na dama, na ƙara na hagu, na mai da su talatin da biyu duka. Shekara talatin da ɗaya haka nake yi wa kowa, ba wanda ya taɓa dawowa da ƙara."

"Ba ka tambayi kowa ba?"

"Wa zan tambaya a kan taya? Ni?"

Nan ne laifin yake. Mutum ya ƙware a abu ɗaya, sai ya ɗauka duk abin da ya yi kama da shi ya sani. Tambaya ɗaya ga Lado da ta wadatar.

"Ka gaya wa Bachir?"

"Na so in gaya masa bayan ya gama, in ce ka ga, ubanka ne ya gyara maka. Da zai shiga motar ya zo ya sumbaci kaina a gaban Larabawan nan. Na ce masa je ka, tayarka lafiya lau. Ina tsaye a bakin shingen waya na ji Lado yana gaya maka lambobin. Tun a lokacin na sani."

"Ka sani, ka bar shi ya kwana biyu a tsare."

"Na bari."

"Kuskuren farko na jahilci ne, Baba, alƙali zai dube shi. Na biyun da idonka buɗe ka yi shi. Mutum mai 'ya'ya biyar."

"Ba kurkuku nake tsoro ba. Delou nake tsoro. Ita ta roƙe ni in je."

Kamil ya rubuta jawabin, ya karanta masa da Hausa, tsohon ya dangwala yatsa. Yatsan ya riga ya yi baƙi, da ƙyar aka bambanta tawada da dauɗar roba.

"Ka ba ni izini in gaya mata da bakina," in ji shi.

Kamil ya kai shi gida, ya tsaya a waje. Bai ji ihu ba. Bayan kamar minti ashirin tsohon ya fito shi kaɗai, ba wanda ya rako shi ko zuwa labule.

Kafin azahar aka sa hannu a rahoto, aka saki gawa. Aka saki Lado kuma a hannun kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, maganar sakacinsa ta rage tsakaninsa da mai gabatar da ƙara. Doka ta ce a wuce da Malam Buraima ofis kai tsaye. Kamil ya kira shugabansa ya nemi a ɗaga zuwa bayan jana'iza, ya ce shi ne lamuni.

Bayan la'asar aka sallaci Bachir, aka kai shi maƙabartar Al-Ud. Uban ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Da aka fara mayar da ƙasa, sai ga Lado ya ratso mutane da kayan da ya kwana biyu a ciki. Ya tsaya gefen tsohon ya zuba nasa tafin ƙasar.

"Lado, ka yafe min."

"Ni ma ban auna ba, Malam. Da na auna da yana nan."



Motar 'yan sanda tana bakin ƙofar maƙabarta. Kamil ya hana a sa wa Malam Buraima ankwa. Da suka iso, idon tsohon ya sauka kan tayar baya, wadda ta ɗan kwanta. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, har ya fara rusunawa.

Sai ya tsaya.

Ya zaro ma'aunin da guntun allin, ya miƙa wa Kamil.

"Tayarka ta baya ta yi laushi, ɗana. Ka sa wani ya duba maka."

Ya tattara rigarsa ya shiga, aka rufe ƙofa.