Tsagar da Auta Ta Liƙe

Da la'asar sakaliya aka liƙa furen ƙarshe. Uwar Auta ce ta dama gam ɗin, garin fulawa da ruwa a ƙaramar tukunya, ta yi ta juyawa a kan wuta har ya yi kauri, Auta kuwa tana shafa shi da yatsa a bayan takarda. Tun rasuwar mahaifinta yarinyar ta daina magana, sai dai ta gyaɗa kai. Almakashi da takardu masu launi ne suka dawo da ita cikin mutane. Ta yanka furanni da taurari, ta bi bangon ɗakinsu da su, har ta rufe wata tsohuwar tsaga da ke kusurwa. A ranar ne uwar ta sake jin dariyar 'yarta.

Magariba na yi, dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Uwar ta leƙa waje da zagi a bakinta, a zatonta yaran maƙwabta ne, amma ko kaza babu a lungun. Kashegari duwatsun suka ƙaru. Daga nan kuma, duk sanda rana ta faɗi, sai a ji ana karce bango ta ciki, a hankali, kamar farce a kan kwali. Maƙwabta, waɗanda ba su taɓa tambayar ko an ci abinci a gidan ba, kowa ya zo da shawararsa: a tashi, a bar ɗakin. Uwar ta ce da gumin mijinta aka gina shi, ba inda za ta.

Wata magariba Auta ta saki almakashi, ta zauna daram tana kallon kusurwar, idanunta sun juye. Uwar ta kira ta, wata murya mai kauri ta amsa. A nan ne tsoro ya kama ta sosai, ta aika a kira malamin da ke ruƙiyya.

Malam ya zauna, ya yi ta karatu har ɗakin ya yi tsit. Can jikin yarinyar ya ɗauki rawa.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mace ce ni," muryar ta ce. "Na fita neman abinci, na dawo na tarar an liƙe mini ƙofa. 'Ya'yana suna ciki."

"Me ya hana ki yage takardar?"

"Waccan matar ba ta taɓa komai sai da bismillah. Har gam ɗin ta yi wa. Ba na iya taɓa shi. A ɓanɓare bangon nan kaf, kada a sake liƙa komai, in sakar musu yarinya."

Malam ya juyo wajen uwar ya sassauta murya. "Baiwar Allah, takarda ce fa kawai."

Uwar Auta ta dubi bangon. Ta san abin da zai rage mata in yarinyar ta farka ta ga siminti tsirara: yarinya mai numfashi, amma babu baki. Zuciya ta taso mata, ta matso har gwiwarta na taɓa ta 'yarta.

"Ke, saurara," ta ce. "Na ji zancen 'ya'yanki, ni ma uwa ce. Zan cire fure ɗaya, ki kwashe su ki ƙara gaba. Amma bangon nan ba za a taɓa shi ba."

"Tun kafin a haife ki nake nan!"

"To kin daɗe, ya isa. Naki suna kuka a ciki, tawa tana hannunki. Sai mu zauna mu ga wadda za ta fara gajiya."

Karcen bangon ya dawo, ya raunana, kamar mai yin sa ya galabaita. Hawaye ya gangaro daga idon Auta, kuma uwar ta san ba na 'yarta ba ne.

"Buɗe," muryar ta ce. "Zan tafi."

Malam ya sa ta yi rantsuwa. Uwar ta jiƙa tsumma, ta danna a kan furen da ke kusurwa har gam ya saki, ta ɗaga shi a hankali ko gefe bai yage ba. Iska mai sanyi ta fito daga tsagar, ta kaɗa labule, ta wuce. Auta ta yi atishawa ta sulale a cinyar uwarta.

Da ta buɗe ido, bangon ta fara kallo. Ta bi shi fure bayan fure har ta kai gurbin da aka cire.

"Umma," Auta ta ce, "ɗaya ya faɗi. Akwai sauran gam?"

Uwar ta goge fuska da gefen zani, ta tashi ta ɗora tukunya.