Wa Ya Sauya Lasisin Manhajar Jini?

Kai ma ka taɓa ganin irin wannan, ka kau da kai. Ka sauke manhaja kyauta, ta yi maka aiki, ba ka tambayi wa ya rubuta ta ba, balle a kan wane sharaɗi ya ba ka. In kuwa kai ne mai rubutawa, an ce ka sa mata lasisi ka ce sai an samu sarari. To, saurara ka ji inda wannan sakaci ya kai wasu.

Da hantsi aka gano ɓarnar. Wani dogon matashi da abokan aikinsa ke kira Dogo ya faɗo ofishin 'yan sanda yana haki, ya ce an yi musu sata. Sufeton da ke bakin aiki mace ce da ta ga jiya ta ga yau a kan ɓarayin babura da na wayoyi. Ta ja kujera ta ce ya zauna.

"Me aka sace?"

"Manhajarmu, ranki ya daɗe."

"An ɗauke ta daga ina?"

"Ba a ɗauke ta ba. Tana nan."

Sufeto ta ajiye biro. "Tana nan, kuma an sace ta?"

"Eh."

"Nawa kuke sayar da ita?"

"Kyauta muke bayarwa."

Ta dube shi tun daga takalmi har gashin kai. A iya saninta, abin da aka sace ba ya nan, abin kyauta kuma ba a satarsa. Sai da ta sa ya maimaita a hankali kafin ta kamo bakin zaren. Su 'yan sa-kai ne. Sun rubuta manhajar da asibitoci ke neman masu ba da jini da ita idan an kawo mara lafiya cikin gaggawa. Sun baje ta a intanet, kowa ya ɗauka. Shekaru suka yi ba lasisi, sai kwanan nan suka sa wanda ya ce: ka ɗauka, ka gyara, ka raba, amma ba ka da ikon rufe ta ka hana wasu. Yau da safe sun wayi gari an goge wannan, an maye shi da rubutun da ke cewa an miƙa manhajar ga wani kamfani. Lauyan kamfanin har ya kira asibitoci ya ce su daina amfani da ita sai da izini.

"Wa kake zargi?"

"Injiniya. Shugabarmu. Sunanta ne a kan gyaran. Ta sayar da guminmu."

Ofishin nasu ɗaki ne guda a saman shagon kayan lantarki. Matakalar ƙunci ce, fankar sama tana kuka, wayoyi sun sarƙe a ƙarƙashin teburi. Injiniya na zaune gaban babbar kwamfutar ofis, idanunta sun yi ja. Ta nuna wa Sufeto tarihin gyare-gyare, inda duk wanda ya taɓa wani abu sunansa ke fitowa. Sufeto ta duba sama ta duba ƙasa, suna ɗaya ne ko'ina.

"Ke kaɗai ke aiki a nan?"

"A'a. Duk da sunana muke shiga a wannan kwamfutar."

"Don me?"

Injiniya ta sunkuyar da kai. "Da sunana aka buɗe tun farko. Kalmar sirrin ta ɓace mana, shi ya sa ba ma fita. Ba ma ko kashe ta."

Sufeto ta dafe goshi. Masu ilimi ke nan, masu koya wa asibitoci tsare bayanai, sun bar ƙofarsu a wangale saboda sun manta inda suka ajiye makulli. Yanzu sunan da ke kan laifin ba ya nuna kowa, kuma yana nuna kowa. Idan ba a samu wani ba, Injiniya za ta amsa tuhumar zamba, manhajar kuma ta zauna hannun kamfani har a gama shari'a.

"Su wa ke da makullin ɗakin?"

"Ni, da Dogo, da mai rubuta mana takardun bayani. Sai Kawu, mai shagon ƙasa. Shi ya ba mu ɗakin. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana."

Sufeto ta fara da Injiniya. "Kamfanin nan kin san su?"

"Sun taɓa yi mini tayin aiki, na ƙi."

"Kin ƙi a baki, ko kin ƙi a zuci?"

"Ranki ya daɗe, da zan sayar, zan sa sunana a kai?"

"An yi waɗanda suka fi haka wauta," in ji Sufeto. Amma ba ta gamsu da kanta ba.

Ta koma kan Dogo, don ta san sau tari mai kawo ƙara shi ne mai hannu. Ya fusata, ya fizgo allon rubutu ya fara buɗe fayiloli ɗaya bayan ɗaya, wai zai nuna mata girman abin da aka cuce su. Sufeto ba ta gane ko layi ɗaya ba, duk baƙaƙe ne da alamomi kamar kaji sun yi tonon ƙasa. Abu guda ta lura da shi: kowane fayil ya buɗe, 'yan layukan sama iri ɗaya ne.

"Tsaya. Wannan da ke ta maimaituwa mene ne?"

"Lasisin ne a taƙaice. Muna sa shi a kan kowane fayil."

"Tsohon ko sabon?"

Dogo ya kai fuskarsa kusa da gilashin. "Tsohon."

"Da kai ne, za ka bar su haka?"

"Haba! Da umarni ɗaya zan canza su duka." Ya kama bakinsa. "Ina nufin, da ni ne."

"Ita fa?"

Ya saci kallon Injiniya. "Ita ta koya mini umarnin."

Wato ɓarawon ya canza allon bakin ƙofa ya bar sunan masu gida a jikin kowane ɗaki. Ba mai rubuta manhaja ba ne. Sufeto ta ji kanta ya ɗan sarara, sai kuma ya sake ɗaurewa, domin wanda bai iya aikin ba, yaya aka yi ya iya wannan ɗin?

Saura mai takardun bayani, wani siriri mai tabarau da suke kira Dalla-dalla. Aikinsa rubuta yadda ake girka manhajar da yadda baƙo zai taimaka. Tambaya ɗaya ta yi masa, ya ba ta amsar da ta kusa kai azahar.

"Taƙaita mini, malam. Jiya da rana aka yi gyaran, kana ina?"

"Asibitin bayan gari, ina koya wa ma'aikatan jinya, tun safe har aka tashi. Na farko, na isa. Na biyu..."

"Ya isa."

Ta kira asibitin, suka tabbatar, har suka ƙara da cewa bai bar su sun ci abincin rana ba. Ta dawo gaban kwamfutar ta zura wa gyaran ido. A gefensa akwai ɗan akwatin da mai gyara ke rubuta dalilinsa. Na sauran gyare-gyaren gajeru ne: an toshe kuskure kaza, an ƙara abu kaza. Na wannan kuwa cewa ya yi: "Wannan ne gyarana na farko, a duba mini."

"Wane irin ɓarawo ne ke roƙon a duba masa?" ta faɗa a fili.

Dalla-dalla ya leƙo ta kafaɗarta. "Kai! Jimlata ce."

"Taka?"

"Misali ne a sabon jagoran da na rubuta wa waɗanda ba su iya komai ba. Mataki na ƙarshe: ka rubuta dalilinka, kamar haka."

"Mutum nawa suka karanta shi?"

"Ba a fitar ba tukuna. Ba ma fitar da takarda sai ta ci jarrabawa."

"Wace jarrabawa?"

Dogo ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ta Kawu. Duk abin da aka rubuta, sai a zaunar da shi ya bi da kansa. In Kawu ya gane, kowa zai gane."

Injiniya ta miƙe a hankali, tana girgiza kai.

A ƙasa, Kawu na bayan kantar shagonsa yana gwada wa wata mata ƙwan lantarki. Dattijo ne mai fara'a. Ya sallame ta, ya turo wa Sufeto kujera.

"Baba, an ce kai ne gwanin jarrabawa a gidan nan."

"Ai su suka ce kaina ya yi tauri. Ban taɓa faɗuwa ba."

"Jiya ka hau sama?"

"Ɗakina ne."

"Ka gyara wani shafi?"

Ya dubi Injiniya da ke tsaye bakin matakala. Bai ko yi yunƙurin musu ba. "Na gyara. Wakilin kamfanin ya turo mini rubutu a waya, na kwafa, na bi takardar yaron nan mataki-mataki. Na sa musu hannu a madadinta."

"Kawu!" in ji Injiniya.

"Kawu me? Na biya miki makaranta don ki zauna a saman shagona kina raba wa duniya aikinki? Ƙawayenki suna da ofis da mota. Mutanen nan sun ce za su ba ki kujerar manaja, kika kore su. Idan yarinya ba ta san ciwon kanta ba, babba ya sani mata."

Sufeto ta bayyana masa yadda ta iso gare shi. Sunan da ke kan gyaran ba hujja ba ne, tunda kowa da shi yake shiga. Da masu rubuta manhajar ne, da sun canza lasisin a ko'ina, ba a wuri ɗaya ba. Dalla-dalla yana asibiti. Jimlar nan kuwa mutum biyu suka taɓa ganinta a duniya, wanda ya rubuta da wanda aka gwada a kansa.

"Kuma sa hannunka bai miƙa komai ba, Baba. Ɗakin naka ne, manhajar ba taka ba ce."

Dogo ya hau sama ya mayar da tsohon lasisin, ya kira asibitoci ya ce su ci gaba. Da ya sauko ya tsaya gaban Injiniya yana murza hannu. "Yaya, ki yafe mini." Ita kuwa Kawu take kallo.

"To, ki gaya wa Sufeto maganar gida ce," in ji Kawu. "A bar ta a gida."

Sufeto ta jira. Ita kanta ba ta san wanda za ta rubuta a matsayin mai kayan da aka sace ba.

"Ba zan iya ba, Kawu," in ji Injiniya, hawaye na zubo mata. "Ba tawa ba ce ni kaɗai. Akwai hannun Dogo, akwai na mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Tun safe asibiti uku suna tsoron buɗe ta, ban san wa aka kawo musu ba. Nawa kason na yafe. Sauran sai ka tambaye su."

Kawu ya daɗe yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Sannan ya rufe shago, ya bi Sufeto.

Kai da kake karanta wannan, kada ka tsaya tausayin dattijo ka wuce. Idan kana da aikin da ka baje wa jama'a, buɗe shi yanzu. Sa masa lasisi, rubuta wa ke da ikon canza shi, ba kowane abokin aiki nasa makullin. Sannan ka zaunar da mutanen gidanku ka fahimtar da su dalilin da ya sa kake bayarwa kyauta, da bakinka, yau.