Irin Geron da Aka Rataye

A can wani zamani, a wani ƙauye na gindin dutse, an yi wani manomi mai sakin hannu. Matarsa kuwa abin ya ishe ta.

Damina ta kawo kai, ga zangarniyar geron da suka rataye don iri. Ran Lahadi bayan sujada, wata gwauruwa ta zo ta ce ɓera ya cinye nata. Ya ciro ya ba ta. Washegari maƙwabci ya zo, ya ciro ya ba shi.

Matar ta ce, "Baban Tabita, har iri? Mu tsakuwa za mu shuka?"

Ya ce, "Ubangiji zai tanada."

Suka shuka ɗan ragowar a bakin rafi, ambaliya ta kwashe shi kaf.

Ta ce, "To, ga tanadin nan."

Ya ce, "Ubangiji zai tanada."

Da kaka ta yi, sai ga gwauruwa da maƙwabci da dammunan gero daga gonakinsu na tudu. Suka ce, "Irinku ne."

Matar ta harari mijin, ta ce, "Kada ka ce komai." Ta zaɓi zangarniya, ta rataye ninki biyu.