Jan Fenti a Bayan Torquil

Dokar 'yan sa kai a dajin nan ɗaya ce: duk itacen da ba ɗan asalin wurin ba, a shafa masa jan fenti, a zagaye gindinsa da wuƙa a ɗaye ɓawon, ya mutu a tsaye. Ran nan, a ƙarshen hunturu, biyu daga cikinsu, Ishbel da mijinta Torquil, sun yi wa itatuwa arba'in haka.

Duhu ya fara, suna tattara kaya, sai ga wani tsoho yana warin ɗanyen itace.

"Nan aka haife ka?" ya tambayi Torquil.

"A'a, tsoho, daga birni muke. Kai ne mai gadin dajin?"

Tsohon ya dafa masa baya ya wuce, bai bar sawu a kan dusar ƙanƙarar da ta rufe ƙasa ba.

Ishbel ta sunkuya ɗaukar jaka, sai ta ji ƙarar da ta wuni tana ji, ta ɓawo yana rabuwa da itace. Ta ɗago. Torquil na tsaye ƙyam, an ɗaye fatar ƙwaurinsa zagaye guda, jini na narkar da ƙanƙara. Ga jan fenti a bayansa.

"Ke fa?" in ji muryar tsohon.

Ta shafa nata bayan. Yatsunta suka dawo jajawur.