Yadda Bature Ya Sha Kashi a Majemar Challawa

Wallahi da idona na gani, ba wani ya ba ni labari ba, wanda ya musa ya zo ya same ni a Kumbotso!

A zamanin Sarkin Jima Dalhatu ne, bayan Babbar Sallah, fatun layya sun cika Challawa har an rasa wurin shanya. Sai ga wani Bature ya sauka, shi da tafintansa. Ramukan jimar da majema suka gada tun kaka da kakanni yake so, ya rushe ya kafa kamfani, su kuma su koma masu kawo masa ɗanyar fata. Amma bai faɗa ba. Ya raba wa majema wayoyi, ya ce shi zumunci ya kawo shi.

Galadima Mamman ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, baƙon nan akwai hannu."

Dalhatu ya ce, "Galadima, kakana ya ce haka Turawa suka ci ƙasar nan. Fata da auduga da gyaɗa suka hango. Suka aiko ɗan kasuwa da kyauta, yana murmushi yana auna tsayin ganuwa. Sannan suka nemi ɗan sarkin da ke jin haushi, suka nuna masa rawani. Igwa a ƙarshe take zuwa. Ka sa ido a kan ƙanena."

Bakin Sarki bai faɗi ƙasa ba. Ƙanensa Ashafa, wanda ya nemi sarautar ya rasa, aka fara ganinsa a motar Bature. An yi masa alkawarin rawani da kujera mai juyawa in ya sa majema suka sallama ramuka. Rabin jama'a suka bi shi. Katafila ta zo ta tsaya a bakin hanya, ita ce igwar zamani.

Dalhatu bai zagi kowa ba. Ya aika aka ce ya yarda a naɗa Ashafa, amma bisa al'ada: mai jiran rawani zai shiga rami ya tattaka fata cikin ruwan kashin tattabara, uban naɗinsa kuma, wato wanda ya tsaya masa, shi zai miƙa hannu ya fito da shi, ya rungume shi a gaban jama'a.

Ranar naɗi Ashafa ya tuɓe riga ya faɗa rami har ƙugu. Ya tattaka, ya tattaka, ya ɗago hannu yana ɗiga. "Maigida, bisimilla!"

Bature ya matso, wari ya doke shi. Ya toshe hanci da hankici, ya ja da baya, ya tura tafinta. Tafinta ya ce shi ma farar shadda ce a jikinsa.

Ashafa na tsaye, hannu a sama, ba mai karɓa.

Sai Dalhatu ya taso da babbar rigarsa, ya kama hannun, ya fizgo shi, ya rungume. "Ɗan uwata, warin nan da shi aka yi maka zanen suna."

Ashafa ya sunkuyar da kai. "Yaya, ku yafe ni."

Majema suka ɗauki kabbara. Aka tara wayoyin nan a cikin ƙwarya aka dire wa Bature. Ko rami ɗaya ba wanda ya sallama, kafin la'asar katafila ta juya. Bature garin sauri santsi ya kwashe shi, ya faɗa ramin ruwan bagaruwa, aka tsamo shi ja wur kamar fatar akuya.

Haka mulki yake. Baƙo ba ya shiga gida sai ɗan gida ya buɗe masa, kuma mai ƙyamar hannunka ba zai riƙe ka ba.

To, faɗawar Bature a rami kam ni na ƙara. Amma ku faɗi tsakani da Allah, ba ta dace da shi ba?