Amaryar da Ba Ta Tare Ba

"Shekara huɗun, daga yau za a fara ƙirga ta."

Na ɗauka kunnena ne bai ji daidai ba. Na ɗaga kai na dubi alƙali, na dubi Baba da ke durƙushe a gefena.

"Allah gafarta Malam," in ji Baba, "ai mun riga mun jira. Daminar bana ce ta huɗu."

Alƙali ya cire tabarau ya goge da bakin rawaninsa. A hankali ya yi mana bayani, kamar mai tsoron kada maganar ta fasa wani abu. Ya ce matar da mijinta ya ɓace, daga ranar da ta kawo kukanta gaban shari'a ake yanka mata wa'adi, zaman da aka yi a gida ba ya shiga ciki. Ya tambaya wa ya ce mu zauna.

Baba ya sunkuyar da kai.

Ba wanda ya ce. Kunya ce kawai. Wa zai iya jan uwar da ɗanta ya ɓace zuwa kotu, hawayenta bai bushe ba?

Sai alƙali ya tambaye ni ko akwai mai ciyar da ni da sunan mijin, don in babu, da wata ƙofar. Na faɗi gaskiya. Na ce duk kaka surukata, Inna Yelwa, tana aiko mini da damin gero daga gonar mijin nawa, Yazid. A bencin baya na hango Kawu Maharazu, ƙanin mahaifin Yazid, yana shafa gemu. A lokacin na gane wanda ya ba ta shawarar geron.

"To saura hanya ɗaya," in ji alƙali. "Shaidu biyu da suka ga rasuwarsa da idonsu."

Biyu...

Ɗaya muke da shi a fili. Na biyun kuwa na san inda yake, kuma na fi kowa tsoron a kira shi.

An ɗaura aurena da Yazid ranar Juma'a, aka sa Lahadi za a kai ni. Gidansu yana tsallaken kogi, namu yana nan gefen kasuwa, duk cikin Kwarin Tsamiya. Kogin nan rabin shekara yashi ne, yara na ƙwallo a cikinsa.

Ranar Asabar bayan la'asar rana tana haske tar, ko ɗigon ruwa bai sauka a garinmu ba. Ina zaune an ɗaure mini ƙafafu da lalle, ƙawaye na tsokanata, sai muka ji wani ruri daga gabas kamar manyan motoci sun jero. Ashe can sama aka yi ruwan, madatsar ƙasa ta ɓalle.

Da lallen a ƙafata na yi gudu. Kafin mu kai tudu ruwa ya wanke shi, ko kamawa bai yi ba.

Yazid ya goyi Inna Yelwa ya ɗora ta kan rufin masallaci, ya koma shi da amininsa Ikrima su ɗauko wata tsohuwa makauniya a maƙwabtansu. Ikrima ya dawo. Shi kaɗai.

An yi makonni ana tono mutane daga cikin yashi. An samu tsohuwar. An samu wasu can kusa da iyaka. Yazid ko takalminsa ba a gani ba.

Garin bai sake zama gari ba. Aka kwashe mu zuwa jerin ɗakunan bulo a kan tudu, ko'ina iri ɗaya, har tsofaffi suna ɓatan ƙofa. Yashi ya binne fadama. Samari suka watse, wasu Kano, wasu Legas acaɓa. Maƙabartar ma ruwa ya tafi da rabinta, masu kai ziyara sai su tsaya a baki su yi addu'a ta gaba ɗaya. Har yau ba mai sa ranar biki da damina, kuma in hadari ya haɗo za ka ga mata suna ƙirga 'ya'yansu da ido.

Ni kuma na zama abin da ba shi da suna. Ban zama matar gida ba, ban zama bazawara ba, kuma ni ba budurwa ba ce. Na koma Katsina na ƙarasa jami'a, na dawo ina koyarwa a firamaren tudu. Ɗalibaina Malama Amarya suke kirana, sun ɗauka sunana ne.

Inna Yelwa ma Amarya take ce mini. Duk Juma'a tana share ɗakin da ta ware wa Yazid, ta turara shi. Ta ce ruwa ya kai shi Nijar ne, wata rana hankalinsa zai dawo ya tuna hanya.

Ikrima ne yake kawo geron.

Yana gyaran babura a Mashi, a gefen shagon Obioma mai sayar da kayan gyara, amma duk kaka sai ya ɗauro damin a bayan babur ɗinsa ya sauke a zaurenmu. Shekarar farko ko kallona bai yi ba. Ta biyu ya tambayi karatu. Ta uku ya lura ina tari, washegari ya aiko da zuma. Ni ba mai magana ba ce, shi ma haka, sai muka saba da shirun juna. Na san yadda yake kashe babur tun daga nesa ya turo shi da ƙafa don kada ya tashi Baba daga barcin rana. Na san tabon da ke wuyan hannunsa na dama, layi huɗu, kamar sawun farata.

A kaka ta huɗu ya ajiye damin, bai tafi ba.

"Malama, in wa'adin ya cika... zan iya turo manya?"

Na ja bakin hijabi na rufe fuskata, ya kuwa gane.

Magana ba ta ɓuya a jerin ɗakunan bulo. Mahaifiyarsa, Inna Haulatu, ta ce ba da ita ba. Ta ce yarinyar da aka ɗaura wa aure gari ya nutse, farar ƙafa gare ta, ɗa ɗaya ruwa ya bar mata ba za ta miƙa shi ba. Ga Zubaida 'yar ƙanwarta nan a garin Babban Mutum, me aka rasa? Ikrima bai yi mata musu ba, bai kuma je Babban Mutum ba. Muna ta ƙirga watanni zuwa damina, muna zaton ƙarshen hanya muke dosa.

Da yammacin ranar da muka dawo daga kotu Ikrima ya zo zaure. Ya riga ya ji komai.

Malam Sada ladan shi ne shaidar farko, daga rufin masallaci ya hango. Na biyun yana tsaye a gabana. Tun ranar da abin ya faru Inna Yelwa ta tambayi Ikrima ko ya ga gawa, ya ce a'a, ta ce to ya yi mata shiru har abada. Shirun da ya riƙe ke nan.

Na ce masa kada ya je. Na karanta, na sani, ba a karɓar shaidar wanda zai amfana da ita, kuma Kawu Maharazu ba zai yi shiru ba. Gonar Yazid ita kaɗai ce tasu da ke kan tudu, Kawun ne yake noma ta, ranar da aka ce Yazid ya rasu za a raba gado.

"Zan jira," na ce. "Na saba."

"Shi ne abin da ke ba ni tsoro, Firdausi. Kin saba."

"Huɗu ce kawai..."

"Haka muka ce wancan karon."

Ya ce ya ga yadda Baba yake dafa bango kafin ya miƙe. Ya ce ya ga ƙawayena suna kai 'ya'yansu ajina. Ya ce shekara huɗu yana ɗauko igiyar da aka ɗaure ni da ita a bayan babur ɗinsa, yana zaton alheri yake kawowa.

"Ni da kai ne," na ce. "In ka yi haƙuri, ni da kai ne a ƙarshe."

Ya juya zai fita, sai ya tsaya.

"Firdausina," ya ce.

Sau ɗaya ya taɓa faɗin haka. Ya tura babur ɗinsa ya tafi, sai da ya yi nisa ya tayar.

Ranar zama na biyu kotu ta cika. Inna Yelwa tana gefen mata da carbi, ba ta dubi kowa ba. Malam Sada ya faɗi abin da ya gani. Da alƙali ya tambaya ko da wani, na ji motsi a baya.

Ikrima ya durƙusa ya yi magana ba tare da ya ɗaga kai ba. Ya ce ruwa ya kai musu ƙirji sa'ad da katangar gidan ta rufto, ta sami Yazid a ka. Ya ce ya cafko shi, Yazid ya riƙe masa wuyan hannu da ƙarfi har farata suka shige. Ya ɗaga hannun, kowa ya ga tabon. Ya ce daga nan riƙon ya saki da kansa, idanun suna buɗe ba sa kallon komai. Ya yi masa kalmar shahada a kunne. Sannan ruwa ya ƙwace shi, ya tafi fuska a ƙasa, bai motsa ba har ya shige ƙarƙashin gada.

Carbin Inna Yelwa ya tsaya.

Kawu Maharazu ya miƙe. Ya ce Allah gafarta Malam, wannan shaida ba ta da tsarki, duk gari ya san yaron nan matar yake so, da bakinsa yake son ya kashe amininsa ya gaje ɗaki.

Alƙali ya dubi Ikrima. "Gaskiya ne kana neman aurenta?"

"Na nema, Allah gafarta Malam."

"Ka san in haka ne shaidarka ta faɗi."

"Na sani. Shi ya sa na zo da alwala." Ya ɗaga kai a karon farko, amma ba ni ya kalla ba, Inna Yelwa ya kalla. "A ba ni Alƙur'ani. Na janye. Wallahi ba zan aure ta ba, ko yau ko bayan shekara nawa. Ba abin da zan ci da wannan magana."

Na so in yi ihu. Ko a ranar ban iya ba. Na cije bakin hijabina har na ji zaren yana tsinkewa.

Aka karɓi shaida. Aka ce Yazid ya rasu, Allah Ya jiƙansa, in fara takaba.

A waje, gindin darbejiya, na tare shi. Ban taɓa tare namiji a hanya ba sai ranar. Na ce rantsuwa tana da kaffara, ya ciyar da miskinai goma, malamai sun faɗa, kowa ya sani.

"Tsakanina da Allah za ta warware," ya ce. "Tsakanina da Inna Yelwa fa? Yau na kashe mata ɗa a gaban jama'a. In na aure ki, har ta mutu za ta ce ƙarya na yi, ta koma share ɗaki tana jira. Ke ma za a ce da shaidar zur aka ɗaura miki aure."

"Ni kuma fa, Ikrima?"

"Ke kin fita."

"Na fita zuwa ina?"

Ya juya ya tafi.

Na shiga takabar mutumin da ban taɓa sanin launin labulen ɗakinsa ba. Na cire 'yan kunne, na daina kwalli, na zauna a kan tabarma mata suna shigowa yi mini gaisuwar da ta makara shekara huɗu. A bakinsu na ji Ikrima ya sayar da kayan aikinsa zai tafi Agadas, kuma har yanzu bai je Babban Mutum ba. Ɗalibaina da suka zo gaishe ni suka tsaya a ƙofa suna raɗa, ba su san da wane suna za su kira ni ba.

Da sabon gero ya shigo, wata safiya na ji sallama a tsakar gida. Inna Yelwa ce, da ƙwarya a ka. Ta rame har zanen ya yi mata yawa. Ta zauna kusa da ni ta buɗe faifan.

Gumba ce. Da hannunta ta daka, daga geron gonar Yazid.

"Na bana ne," ta ce. "Ba ciyarwa ba ce, sadakarsa ce. Ki fara ci, Firdausi, kafin a raba."

Ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar.

Na gutsura na kai baki. Ta kwantar da kanta a kafaɗata ta fashe da kukan da ta riƙe tun kan rufin masallaci, na rungume ta muna yi tare, kowa da wanda take yi wa.

A cikin kukan na ji ƙarar babur daga nesa. Na ji an kashe shi. Na ji ana turo shi a hankali har ƙofar zaure, aka tsaya.

Mai takaba ba ta fita zance.

Na zauna da gumba a hannuna ina saurare. Ba a yi sallama ba. Can na ji tayoyin suna murza yashi, suna nisa, suna nisa... sai da ya kai bakin hanya ya tayar.